Samuel Ajayi Crowther, yaron da aka yi musayarsa da doki

A farkon shekarar 1821, lokacin da daular Oyo ke wargajewa, mahara suka faɗa wa garin Osogun na ƙasar Yarabawa da safe. Cikin waɗanda aka sa wa igiya a wuya ran nan akwai wani yaro ɗan kimanin shekara 12 mai suna Ajayi, da mahaifiyarsa, da ƴan'uwansa mata biyu. Mahaifinsa ya tafi kare gari, ba su sake ganinsa ba. Da aka raba ganima, wanda ya samu Ajayi ya yi musayarsa da doki. Dokin bai yi masa ba, ya mayar da shi ya karɓo yaron. Daga nan aka raba shi da uwarsa, ya riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu, ana ba da shi a karɓi taba ko giya, har ya kai bakin teku a Legas.

A labarin da ya rubuta daga baya, ya ce maharan Yarabawan Oyo ne Musulmi tare da Fulani. Masu sayensa na ƙarshe kuwa Turawan Fotugal ne Kirista. Cinikin bayi bai tambayi addinin kowa ba. Ya kuma faɗi cewa tsoron faɗawa hannun Turawa ya sa ya yi yunƙurin shaƙe kansa da ɗamararsa, amma ya kasa.

A watan Afrilun 1822 aka loda shi a jirgin ruwan bayi. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙin Ingila masu farautar ƴan fataucin bayi suka tare shi. Yaran ba su san ceto ne ya zo ba. Da suka ga naman alade a rataye da tarin harsasan igwa masu kama da ƙwallo, sai suka ɗauka naman ƴan'uwansu ne da kawunansu. Kyaftin ɗin da ya kuɓutar da su sunansa Henry Leeke. Mai karatu ya riƙe wannan suna.

An sauke su a Freetown ta ƙasar Saliyo, inda ake zaunar da ƴantattun bayi daga kowane lungu na Afirka ta Yamma, har da Hausawa da yawa. Ajayi ya koyi karatu cikin ƴan watanni. An yi masa baftisma a Disambar 1825, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. A 1827 ya zama ɗalibi na farko a makarantar Fourah Bay. Ya auri Asano, ita ma ƴantacciyar baiwa, suka zauna tare kusan shekara 50.

A 1841 Ingila ta tura jirage uku su hau kogin Kwara, wanda mutanen Yamai ke kira Isa. Ƙungiyar mishan ta Angalika ta sa Crowther ya bi su tare da wani Bajamushe, James Frederick Schön. Tafiyar ta yi muni, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. Abin da ƙungiyar ta koya daga wannan asara shi ne cewa in ana son aikin ya ɗore, to ƴan Afirka ne za su yi shi, kuma da harsunansu. Schön ya duƙufa kan Hausa, ya fitar da nahawu da ƙamus, kuma shi ne ya rubuta labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar, wanda daga baya ya bi Heinrich Barth har Ingila. Crowther shi kuma ya koma wa harshen da aka raba shi da shi tun yana yaro.

An naɗa shi limamin coci a 1843, a shekarar kuma ya buga littafinsa na farko na kalmomin Yarabanci. A 1846 ya isa Abeokuta don buɗe mishan. Ƴan makonni da zuwansa aka kawo masa wata tsohuwa. Mahaifiyarsa ce, bayan rabuwar shekara 25. Ta karɓi baftisma a 1848 da suna Hannatu, tana cikin na farko a garin.

Aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci shi ne abin da ya fi cin shekarunsa, kuma yadda ya yi shi ya cancanci a tsaya a kai. Turawan mishan na lokacin sukan ɗauki kalmar Ingilishi su nemi wadda ta yi kusa da ita, shi ke nan. Crowther zama yake yi da dattawa, da masu duba, da limaman addinin gargajiya, yana sauraren yadda suke magana in abu ya kai maƙura, yana rubuta karin magana da kalmomin da matasa suka fara mantawa. Ya kuma nace sai an sa alamar karin sauti a rubutu. Bahaushe zai gane dalili: kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya ta wahala da wuyan jiki, muryar mai magana ce ke raba su. A Yarabanci abin ya fi haka tsanani, domin kalma ɗaya a rubuce tana iya zama miji, ko fartanya, ko jirgi, gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke ta. Alamomin da Yarabawa ke sa wa a kan haruffansu har yau suna da tushe a wannan naci nasa.

Sai kuma gobara. A ƙarshen 1862 gidansa na Legas ya ƙone, kuma cikin abin da wuta ta cinye akwai kalmomi da karin maganar da ya shafe shekara 11 yana tarawa, da rubutun fassarar wasu littattafan Attaura da ba a kai ga bugawa ba. Babu kwafi a wani wuri. Mutumin da ya haura shekara 50 ya ɗauki sabon littafi ya fara daga farko. A cikin shekarun 1880 aka kammala Littafi Mai Tsarki na Yarabanci a ƙarƙashin kulawarsa.

Ba wannan ne karo na farko da ya mayar da asara aiki ba. A 1857 jirgin da yake ciki, Dayspring, ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse, suka maƙale a ƙasar Nupe sama da shekara guda. Shi kuwa ya yi amfani da zaman wajen koyon Nufanci. Daga nan littafin koyon karatu na Nufanci ya fito a 1860, nahawu da kalmomi a 1864. Ya riga ya fitar da irinsa na harshen Ibo a 1857. Duk wanda ya bi rayuwarsa zai lura cewa imaninsa bai cika fitowa ta hanyar dogon wa'azi a kan wahalarsa ba. Ya yarda cewa Allah ne ya fitar da shi daga jirgin nan don wani aiki, kuma aikin shi ne mutane su ji saƙon da harshen da uwa ta yi musu magana da shi.

Ranar 29 ga Yunin 1864 aka naɗa shi bishop a babban cocin Canterbury, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Angalika. Cikin mahalarta akwai wani tsohon hafsan sojan ruwa, Henry Leeke.

Yankin da aka ba shi ya haɗa da ƙasashen sarakunan Musulmi, kuma ya iya zama da su. Yakan kai wa Etsu Masaba ziyara a Bida, yana ba da Littafi Mai Tsarki na Larabci kyauta ga malamai, yana guje wa zagin addinin mai masaukinsa ko da an shiga muhawara. Mabiya kaɗan ya samu a can, amma ya samu amana. A cikin shekarun 1880 Etsu Maliki ya sa aka rubuta wasiƙa da Hausa a kai masa, yana roƙon ya isar wa Sarauniyar Ingila da kukan cewa barasar da Turawa ke shigowa da ita tana lalata masa jama'a. Sarkin Musulmi ya zaɓi bishop ya zama manzonsa.

Bugu na ƙarshe daga cikin gida ya zo. Matarsa ta rasu a 1880, mahaifiyarsa ta biyo bayanta ba da daɗewa ba. A daidai lokacin Turawa sun fara rabon Afirka, kuma sabbin ƴan mishan matasa da suka zo daga Ingila ba su ga dalilin da zai sa su yi aiki a ƙarƙashin baƙar fata ba. Gaskiya ne akwai rauni a mishan ɗin Kwara: kuɗi ba su isa, wasu ma'aikata sun yi abin kunya, kuma tsohon yana da saurin yafiya. Amma abin da aka yi masa ya wuce gyara. A wani taro a Onitsha a watan Agustan 1890, samarin da ba su kai jikokinsa da yawa ba suka dakatar da limamai ƴan Afirka a gabansa, har da ɗansa Dandeson. Ya ajiye shugabancin kwamitin.

Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a shekarar da ta biyo, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disambar 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa. A 1892 cocin yankin bakin kogin Kwara suka ware suka riƙe kansu da kuɗinsu a ƙarƙashin Dandeson. Jikansa ta wajen ƴarsa, Herbert Macaulay, shi ne ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Najeriya a 1923.