Simon de Montfort: Baƙon da ya tilasta wa Sarkin Ingila zama da majalisa

An haifi Simon de Montfort a Faransa wajajen shekarar 1208. Yana saurayi ya tsallaka Ingila neman sarautar Leicester, wadda ya gada ta wajen kakarsa. Sarki Henry na Uku ya karɓe shi hannu bibbiyu, har ya aurar masa da ƙanwarsa Eleanor a 1238.

To amma zaman bai ɗore ba. Tun 1215 manyan hakimai suka tilasta wa Sarki John, mahaifin Henry, amincewa da Magna Carta, yarjejeniyar da ta sa sarki ma a ƙarƙashin doka. Henry kuwa sai ya ci gaba da yin gaban kansa. Ya fifita 'yan uwansa na ɗakin uwa da suka zo daga Faransa, ya kuma ɗauko wa ƙasa bashin Fafaroma don nema wa ɗansa sarautar Sisili. Ga kuma yunwa ta addabi talakawa.

A 1258 hakimai suka ce ya isa haka, Simon na cikin jagororinsu. A Oxford suka sa sarki ya rantse cewa mutum 15 za su riƙa kula da al'amuran mulki, kuma majalisa za ta zauna sau uku a shekara. Daga baya Henry ya samu Fafaroma ya warware masa rantsuwar, sai yaƙi ya ɓarke. Ranar 14 ga Mayu 1264, a Lewes, Simon ya ci nasara, sarki da ɗansa Edward suka shiga hannunsa.

A Janairun 1265 ya kira majalisar da ake tunawa da shi saboda ita. Bayan hakimai da manyan limaman coci, ya gayyato barade biyu daga kowace gunduma, da wakilai biyu daga wasu garuruwa. Wato mutanen gari, masu kasuwanci, suka samu wurin zama inda ake yanke maganar ƙasa.

Sai dai shi ma hannunsa ba tsaf yake ba. Ya kori Yahudawa daga Leicester a 1231, magoya bayansa suka karkashe su a Landan a 1264, ya kuma azurta 'ya'yansa da dukiyar abokan gaba. Wannan haɗamar ta sa abokinsa hakimin Gloucester ya juya masa baya. Edward ya tsere daga tsare, ya tara runduna, aka kashe Simon a Evesham ranar 4 ga Agusta 1265, aka daddatsa gawarsa.

Abin mamaki, Edward ɗin nan da ya hau gadon sarauta shi ma ya kira wakilan gundumomi da garuruwa a 1295. Yana buƙatar kuɗin yaƙi, ya kuma gane cewa haraji ya fi saurin fita idan masu biya sun amince.