Jon Postel, mai riƙon rajistar intanet

Duk wanda ya taɓa neman rumfa a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san ba a kafa tebur inda aka ga dama. Akwai mai rajista, shi ke cewa lamba kaza ta wane ce. To, intanet ma haka take. Kowace babbar na'ura da ke ajiye hotuna da saƙonni, wadda masana ke kira uwar garke, tana da lambarta da sunanta. In biyu suka haɗa lamba guda, saƙon wani sai ya faɗa hannun wani. Mutumin da ya riƙe wannan rajista fiye da shekara 25 shi muka kawo muku yau.

An haifi Jon Postel ranar 6 ga Agusta 1943 a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ya yi karatu a jami'ar jihar da ke Los Anjelas, inda ya samu digirin dakta a 1974. Yana ɗalibi ne a 1969 ya shiga cikin samarin da suka fara haɗa kwamfutoci su yi zance da juna, a wani shiri da ma'aikatar tsaron Amurka ta biya kuɗinsa. Aikin rubuta lambobi ba ya jawo suna, shi kuwa ya ɗauka. Mutum ne mai dogon gemu da gashi, yana zuwa ofis da takalmin fade, ba ruwansa da kwat.

Ƙa'idar da ake aika wasiƙar imel da ita har yau, shi ya rubuta ta a 1982. Haruffan nan biyu da ke ƙarshen adireshin kowace ƙasa, kamar ne ta Nijar da ng ta Najeriya, ta hannunsa aka raba su. Bai yarda ya zama alƙalin da zai ce wannan ƙasa ce, waccan ba ƙasa ba. Ya bi jerin sunayen da hukumar ma'auni ta duniya ta riga ta tsara. A 1994 ya rubuta cewa wanda aka ba sunan wata ƙasa amana aka ba shi, ba mallaka ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu ya faru ranar 28 ga Janairu 1998. Uwayen garke 13 ne ke riƙe da tushen rajistar duka. Ɗaya ce babba, tana hannun kamfanin Network Solutions bisa kwangilar gwamnatin Amurka, sauran 12 daga gare ta suke kwafa. Postel ya aika wa masu kula da 8 daga cikinsu saƙo, ya ce su koma kwafa daga na'urar da ke ofishinsa. Duka suka bi. Ba takardar gwamnati, ba hatimi, sunansa kawai. Jama'a ba su lura da komi ba, don bai taɓa ko harafi guda cikin rajistar ba. Amma hankalin fadar shugaban Amurka ya tashi, aka umarce shi ya mayar da abu yadda yake, cikin ƴan kwanaki ya mayar. Shi ya ce gwaji ne. Wasu na ganin ya so ya nuna cewa rajistar ba ta gwamnati guda ba ce.

Mu dai muna ganin masu tsoron suna da hujja. Postel mai gaskiya ne, amma da ɓarawo ne ya ari sunansa ya aika saƙon fa? Duk mai shago da ya taɓa sakin kaya don an buga masa waya da sunan ubangidansa ya san irin wannan haɗari.

A watan Satumba na shekarar aka kafa hukumar ICANN don ta gaji aikin. Postel bai ga tafiyarta ba. Ya rasu ranar 16 ga Oktoba 1998, bayan aikin zuciya, yana da shekara 55. Sai a 2016 gwamnatin Amurka ta saki ragamar sa ido kan rajistar.