Baba Simon, fadan da ya bar Duwala ya koma gindin duwatsun Mandara

A Tokombere, wani gari da ke tsakanin Maruwa da Mora a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, idan aka ce Baba Simon ba a buƙatar ƙarin bayani. Ya rasu tun 1975, amma babbar makarantar sakandaren Katolika ta garin sunansa take ɗauke da shi, tsofaffi kuma suna tuna shi da abu guda: fadan da ke hawa duwatsu ba takalmi.

Ainihin sunansa Simon Mpeke. An haife shi a 1906 kusa da Edeya a kudancin ƙasar, lokacin da Jamusawa ke mulkin Kamaru. Iyayensa ba Kirista ba ne, shi da kansa ya nemi baftisma, aka yi masa a 1918. Ya ɗan koyar a makarantar mishan, sannan ya shiga makarantar horar da limaman coci a Yawunde. Ranar 8 ga Disamba 1935 aka naɗa shi fada, cikin ƴan Kamaru takwas na farko da suka kai wannan matsayi.

A 1947 aka tura shi majami'ar New-Bell a Duwala, unguwa mai cunkoson jama'a da baƙi daga ko'ina. Ya yi suna, ana jin maganarsa. Mutum irinsa, a daidai lokacin da Turawa ke shirin miƙa ragama ga ƴan ƙasa, babu muƙamin da zai yi masa nisa. Sai dai ya riga ya haɗu da mabiyan Charles de Foucauld, Bafaranshen da ya zauna cikin Abzinawa a Tamanrasat har aka kashe shi a 1916. Tafarkinsu shi ne mai hidima ya zauna cikin talakawa, ya ci abin da suke ci, kada ya tsaya musu a ka. Wannan ya shige shi ƙwarai.

A 1959, yana da shekara 53, ya nemi izinin bishop ɗinsa Thomas Mongo ya tafi arewa, tafiyar fiye da kilomita dubu, inda Bishop Yves Plumey na Garwa ya karɓe shi. Ya fara zama a Mayo-Uldeme, daga baya ya tare a Tokombere.

Waɗanda ya tarar su ne Mada da Muyang da Zulgo da maƙwabtansu, manoman dawa a kan tudu, waɗanda kakanninsu suka haye duwatsu don tsira daga masu farautar bayi. Mutanen fili na kiransu Kirdi, kalmar da ba yabo ba ce. Gwamnatin mulkin mallaka ma ba ta kula da su ba sai wajen haraji, ga ƙarancin makaranta da magani. Ɗan kudu mai ilimi irin Simon baƙo ne a wurinsu kamar Bature, ba su da dalilin yarda da shi.

Cire takalmi shi aka fi ba da labari, amma ba shi ne abu mai wuya ba. Mai wuyar shi ne yadda ya ɗauki addininsu. A zamanin da galibin masu wa'azi ke ganin ba abin da ke cikin al'adun duwatsu sai duhu, shi ya riƙa hawa yana zama da dattawa masu jagorantar sadaukarwa, yana saurare. Ya fahimci sun san Allah ɗaya Mahalicci tun kafin zuwansa, ya kuma faɗi haka a fili. Bai yi gaggawar yi wa kowa baftisma ba. Ga wanda ya zo domin yaɗa bishara, wannan haƙuri ba ƙaramin danne zuciya ba ne, domin aikin mishan a lokacin da yawan tubabbu ake auna shi. Da Musulmin garin ma ya yi zaman mutunci.

Inda ya matsa lamba shi ne karatu. Ya buɗe makarantar firamare, ya bi gida-gida yana roƙon iyaye su sako ƴaƴansu, alhali yaro a wurinsu hannu ne a gona. Hujjarsa ita ce wanda ya iya karatu zai tsaya gaban hukuma ya yi magana da bakinsa, ba sai wani ya yi masa ba. A gefe guda likita ɗan Suwizalan, Giuseppe Maggi, ya kafa asibiti a garin, aikin biyu suka tafi tare. Mutanen yankin ne suka laƙaba masa Baba, da ma'anar da Bahaushe ya sani.

Jikinsa bai jure ba. Bayan jinya a Faransa ya dawo Edeya, inda ya rasu ranar 13 ga Agusta 1975, nesa da duwatsun da ya yi shekara goma sha shida a cikinsu. A can aka binne shi. Aikin Tokombere ya ci gaba a hannun Christian Aurenche, fada kuma likita. Ranar 20 ga Mayu 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, matakin da ke gaban ayyana mutum cikin masu albarka a cocin Katolika.