Hajiya Gambo Sawaba: Macen da ta shigar da matan Arewa fagen siyasa

A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudancin Nijeriya sun kaɗa ƙuri'a, amma takwarorinsu na Arewa ba a ba su wannan dama ba. Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka don kawar da wannan bambanci, sunan Hajiya Gambo Sawaba ne ke kan gaba.

An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, kuma a Zariya ta girma. Mahaifinta ɗan ƙasar Gana ne, mahaifiyarta kuwa Banufiya. Tun tana ƙuruciya ta shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta zama jagorar reshen mata a Sabon Garin Zariya.

A wancan zamani taron siyasa na maza ne, mata da yawa kuma suna kulle. Sai ta riƙa bin su gida-gida tana wayar musu da kai, tana shigar da su jam'iyya. Ta yi suka ga auren wuri, ta nemi ilimi da 'yancin zaɓe ga mata. Saboda haka ta sha duka da ɗauri sau da dama, har aka kore ta daga Kano, amma ba ta ja da baya ba.

Sai a 1976 matan Arewa suka samu 'yancin zaɓe. A Jamhuriya ta Biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP. Ta rasu a watan Oktoban 2001. A yau babban asibitin Ƙofar Gayan da ke Zariya yana ɗauke da sunanta.