Grey Walter, Mai Kunkurun Lantarki

An haifi William Grey Walter a birnin Kansas na ƙasar Amurka cikin shekarar 1910, amma a Ingila ya tashi. Aikinsa binciken ƙwaƙwalwa ne a birnin Biristol. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, ko ƙwaƙwalwa 'yar mitsitsiya tana iya haifar da hali irin na dabba.

Tsakanin 1948 da 1949 ya ƙera na'urori biyu masu taya uku-uku, ya kife su da ƙoƙo kamar kunkuru, ya raɗa musu suna Elmer da Elsie. Kowace tana da ido guda mai gane haske, ƙwaƙwalwarta kuwa kwalabe biyu ne irin na tsohuwar rediyo. In ta hangi fitila sai ta nufe ta. In ƙoƙon ya bugi bango ko kujera, sai ta ja da baya ta kewaye. Batir ya yi sanyi, ta doshi akurkinta mai haske ta sha wuta, ba mai kora ta. Jikokinsu ne 'yan na'urorin da ɗalibai ke koya wa bin layi da gefen bango.

A 1970 ya yi haɗarin babur, ƙwaƙwalwarsa ta sami mummunan rauni. Ya mutu a Biristol cikin 1977.