Tarihin Gilbert Newton Lewis, Mai Ɗige-ɗigen Kemistiri (1875-1946)

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare ya taɓa ganin harafin O a kan allo, an sa masa H biyu a gefe, an kewaye su da ɗige-ɗige bibbiyu. Har yau ana tambayar wannan zane a jarrabawar WAEC da NECO. Amma da wuya malami ya tsaya ya gaya wa ɗalibai wanda ya ƙirƙiro shi. Sunan mutumin Gilbert Newton Lewis, Ba'amurke ne, kuma tarihinsa ya shafe mu ɗaliban harshe, domin babbar rigimar rayuwarsa a kan raɗa suna ta tashi.

An haifi Lewis a watan Oktoba na shekarar 1875 a garin Weymouth cikin jihar Massachusetts ta Amurka. Mahaifinsa lauya ne. A 1884 iyayensa suka koma garin Lincoln na jihar Nebraska, kuma yawancin karatunsa na farko a gida ya yi shi. Ya shiga Jami'ar Harvard a 1893, ya sami digirin farko a 1896, sannan digirin dakta a 1899. Daga nan ya tafi Jamus ƙaro ilimi wurin manyan masana biyu, Wilhelm Ostwald da Walther Nernst. Zamansa da Nernst bai yi daɗi ba, kuma mai karatu ya riƙe wannan suna, zai sake ɓullowa. A 1904 ya je Manila ta ƙasar Filifin ya riƙe ofishin kula da awo da sikeli. Bayan shekara guda ya dawo ya kama aiki a cibiyar fasaha ta MIT. A 1912 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ba shi shugabancin kwalejin kemistiri, a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

To, wace matsala ya warware? A 1897 J. J. Thomson ya gano ilektoron, wata ƙanƙanuwar ƙwaya mai cajin lantarki da ke cikin kowane atam. Da wannan sai masana suka fara fahimtar gishirin miya: atam ɗin sodiyam ya ba da ilektoron ɗaya, na kulorin ya karɓa, cajinsu ya bambanta, sai su jawo juna. Ciniki ya faɗa, akwai mai bayarwa akwai mai karɓa. Amma iskar haidurojin fa? Atam biyu ne iri ɗaya suke manne da juna, babu wanda ya fi wani ƙarfin da zai ƙwace. Haka abin yake ga dubban sinadaran da ke ɗauke da kabon. Nan bayanin bayarwa da karɓa ya cije.

Tun a 1902, lokacin da yake koyarwa a Harvard, Lewis ya riƙa zana atam kamar ɗan dunƙulen magi, mai kusurwa takwas, yana ɗora ilektoron na layin waje a kan kusurwoyin. Atam ɗin da kusurwoyinsa takwas suka cika yana zaman lafiya, ba ya neman kowa. Ya ajiye wannan zane shekara goma sha huɗu bai buga ba. Sai a 1916 ya fito da maƙalar da ta canja fannin. Abin da ta ƙunsa shi ne, atam biyu suna iya yin tarayya a kan ilektoron guda biyu, kowa ya lissafa su cikin nasa, kamar maƙwabta biyu da katanga ɗaya ta raba gidajensu, kowa ya ce katangar gidansa ce kuma babu wanda ya yi ƙarya. Wannan tagwayen ilektoron su ne igiyar da ta ɗaure su. Idan dunƙule biyu suka haɗu ta gefe, ilektoron biyu ke tsakani, ɗauri ɗaya ke nan. Idan suka haɗu fuska da fuska, huɗu ne, ɗauri biyu. Ɗauri uku, irin na iskar naiturojin, ya gagari dunƙulen, saboda haka Lewis ya sake shi ya riƙe tagwayen kawai, yana nuna su da ɗigo biyu tsakanin haruffa.

A ganina wannan shi ne gwanintarsa. Ya ba kemistiri hanyar rubutu. Wanda ya san ajami ya san yadda ɗigo ke raba ba da ta, kuma haka ɗigon Lewis yake, matsar da shi kaɗan ma'ana ta canja. A zanen ruwa, oksijin yana tarayya da haidurojin biyu, ya rage masa tagwaye biyu da ba ya raba su da kowa. A zanen iskar mitan, kabon yana tarayya da haidurojin huɗu, babu saura. Nauyin ƙwayoyin biyu kusan ɗaya ne, 18 da 16, amma ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, mitan kuwa tun a wajen digiri 161 ƙasa da sifiri ya zama iska.

Nan ne ɗalibai da yawa suke faɗuwa a jarrabawa. Ɗaurin tarayyar da ke cikin ƙwaya yana da ƙarfi ƙwarai, amma jan da ke tsakanin wata ƙwaya da wata mai rauni ne. Idan ruwa ya tafasa a tukunya, ƙwayoyin ne suke rabuwa da juna, kowace ta tashi da oksijin da haidurojin ɗinta a ɗaure. Shi ya sa ƙananan ƙwayoyi irin waɗannan yawanci iska ne ko ruwa-ruwa, kuma ba sa ɗaukar lantarki, alhali gishiri sai zafi ya kai digiri 801 yake narkewa. Dalilin da ya sa ruwa ya fi mitan riƙe juna kuwa, wasu matasa biyu a sashen Lewis, Wendell Latimer da Worth Rodebush, suka bayyana shi a 1920: ragowar tagwayen oksijin suna jawo haidurojin na ƙwayar da ke kusa.

Da farko maƙalar 1916 ba ta sami masu saurare ba. Lewis kansa ya tafi Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana horar da sojojin Amurka kan kare kai daga iska mai guba. A 1919 sai Irving Langmuir na kamfanin General Electric ya ɗauki ra'ayin, ya faɗaɗa shi, ya riƙa yawo da shi taro-taro. Langmuir mai baki ne, Lewis kuwa ba ya son tsayawa gaban jama'a. Langmuir ne ya raɗa kalmar covalence, wadda daga gare ta sunan da ke cikin littattafan sakandare ya fito. Nan da nan mutane suka fara jingina ra'ayin ga su biyun, wasu ma ga Langmuir kaɗai. Wani ya haifi ɗa, wani ya yanka ragon suna. Lewis bai taɓa hucewa ba. Abin mamaki shi ma gwanin raɗa suna ne, domin shi ya yaɗa kalmar foton a 1926 a wata wasiƙa ga mujallar Nature, ga shi yau ita ce sunan ƙwayar haske.

A 1923 ya fitar da littattafai biyu, ɗaya kan haɗuwar atam, ɗaya kan zafi da makamashi wanda suka rubuta tare da Merle Randall. A wannan shekarar ya ba asid sabuwar ma'ana, wato duk abin da ke karɓar tagwayen ilektoron. A 1933 shi ne ya fara tace tsantsar ruwa mai nauyi.

Sau 41 aka gabatar da sunansa don kyautar Nobel, bai samu ba ko sau ɗaya. Masu binciken tarihi da suka duba takardun kwamitin sun gano cewa wani ɗan kwamiti, Wilhelm Palmaer, abokin Nernst, ya sha rubuta rahoton da ke rage darajar aikinsa. Shi ma Lewis ba mai sauƙin hali ba ne, yana da kaifin harshe, har ya fice daga Majalisar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka a 1934. Langmuir ya karɓi kyautar a 1932 kan wani aiki dabam. Harold Urey, ɗalibin Lewis, ya karɓa a 1934. Bayan rasuwarsa William Giauque da Glenn Seaborg da Willard Libby da Melvin Calvin, duk mutanen sashensa, suka samu. Linus Pauling kuwa ya sadaukar masa da shahararren littafinsa na 1939 kan ɗaurin sinadarai.

A ranar 23 ga Maris 1946 Langmuir ya zo Berkeley karɓar digirin girmamawa, kuma an ruwaito cewa sun ci abincin rana tare, Lewis ya dawo ransa a ɓace. Da yammacin ranar wani ɗalibinsa ya tarar da shi kwance a ɗakin gwaji, ɗakin ya cika da gubar sayanayid da yake aiki da ita. Likitan da ya duba gawar ya rubuta ciwon zuciya, amma wasu abokan aikinsa sun yi zargin shi ya kashe kansa. Ya rasu yana da shekara 70, ya bar matarsa Mary da 'ya'ya uku, maza biyu daga cikinsu suka zama farfesoshin kemistiri.