Sarkin Musulmi Attahiru: Wata Biyar a Kan Gado, Wata Huɗu a Hanyar Hijira

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya nufi Illela yakan ratsa ƙasar Gwadabawa kafin ya isa bakin iyaka, inda Birnin Ƙonni ke hange a tsallake. Wannan yanki na Atikawa ne, zuriyar Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu. A Cimmola Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya yi ribaɗi, ɗansa Marafa Muhammadu Maiturare kuma shi ya kafa Gwadabawa. Daga wannan gida Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ya fito, Sarkin Musulmi na goma sha biyu, kuma na ƙarshe da masu zaɓen sarki suka naɗa kafin Turawa su ci Sakkwato.

Gadon da ya hau

An yi masa mubaya'a a watan Oktoba na 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Daular da ya gada tuni an fara cin ta daga gefe. Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja ranar 1 ga Janairu, 1900. A 1901 Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi, Bauchi ta bi su a 1902, Zazzau ma ta shiga hannu a wannan shekara. Daga gabas labari ya zo cewa Faransawa sun kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilu na 1900, shi da ya fi kowa tarin bindigogi a Barno.

Abin da ya fi kusa da gida ya faru ne a arewa. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, ta ƙone garin, ta karkashe mutanensa. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita ɗari ba. Saboda haka mutanen fadar Sarkin Musulmi sun san irin ɓarnar da bindigar Nasara ke yi tun kafin su ji ƙararta da kunnensu.

Ratar makami

A shekarun da Attahiru ya girma, bindiga ta sauya kama a Turai da Amurka. Kamfanin Winchester ya fitar da samfurinsa na 1866 da na 1873, bindigogi masu mariƙi a ƙarƙashin kunama. Mai harbi ya tura mariƙin ƙasa, kwanson da aka harba ya fice, ya dawo da shi sama, sabon harsashi ya shiga, ba tare da ya sauke bindigar daga kafaɗa ba. Sojojin Daular Usmaniyya sun yi amfani da irinsu a kan Rashawa a Plevna a 1877. Yau masu tara kayan tarihi ne ke sayensu da tsada, amma a wancan zamani su ne suka fara nuna cewa mutum ɗaya zai iya tare hanyar mutum goma. A 1884 kuma Hiram Maxim ya ƙera wadda Hausawa suka raɗa wa suna bindiga mai ruwa, mai aman harsashi kusan 600 a minti guda.

Ƙarfin Sakkwato yana kan doki ne. Barade da 'yan lifidi, da dakaru masu baka da kwari, su suka ci yaƙe-yaƙen jihadi, kuma da su aka riƙe daular shekara kusan ɗari. Akwai 'yan bindiga a fadojin sarakuna, amma akasarin abin da ke hannunsu bindigar toka ce, wadda sai an ɗura albarushi ta baki an danna kafin a yi harbi ɗaya. Samun ta zamani kuwa an toshe hanyarsa da gangan. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai sun amince su hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a mafi yawan nahiyar. Waɗanda suke shirin zuwa da yaƙi su ne suka tsara irin makamin da za a tare su da shi.

Shawara uku

Attahiru ya tarar da fada a rabe. Wasu na ganin a yi sulhu, wasu a yi yaƙi, wasu kuma a yi hijira zuwa gabas, kamar yadda Shehu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. Zuciyarsa ta fi karkata ga hijira, amma ɗaga al'umma sukutum da mata da yara da dabbobi ba aikin kwana ɗaya ba ne. Ana cikin wannan tufka da warwara Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, a lokacin da Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato. A ƙarshen watan rundunar Kanawa da ke komawa gida ta yi karo da Turawa a Kwatarkwashi, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a nan.

Ranar 15 ga Maris, 1903, Attahiru ya fito da jama'arsa bayan ganuwa, a filin da ake kira Giginya. Shi yana tsakiya, Marafa Maiturare da Sarkin Rabah Ibrahim suna riƙe da fukafukai biyu. Kanar Morland ya zo da soja ɗari shida da 'yan kai, mafi yawansu baƙaƙen fata, har da Hausawa, da bindiga mai ruwa huɗu da igwa. Suka tsaya a jere mai kusurwa huɗu suka buɗe wuta tun dawakai ba su ƙaraso inda mashi zai yi amfani ba. Kafin rana ta take an gama. Wasu tsiraru suka ƙi barin tutar Sarkin Musulmi, suka tsaya a gindinta har aka harbe su ɗaya bayan ɗaya.

Waziri Muhammadu Buhari ya zaɓi ya dawo ya zauna da Turawa, bayan ya nemi fatawar malamai. Hujjarsa ita ce kada a bar talakawa da addininsu ba mai tsaya musu. Ranar 21 ga Maris Lugga ya naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba a matsayin sabon Sarkin Musulmi, ya kuma shelanta cewa iko ya koma hannun Ingila da ƙarfin yaƙi.

Hanyar gabas

Lugga ya ɗauka magana ta ƙare, domin sarkin da aka kora ya fita ne da mutane kaɗan. Sai dai duk inda Attahiru ya yada zango, daga Zamfara zuwa tsakanin Kano da Zazzau, jama'a na barin gonaki da garuruwa suna bin sa, ga damina ta kawo kai. Sarkin Misau Ahmadu ya bi shi. Haka ma Etsu Nupe Abubakar, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, da Alfa Hashim na dangin Alhaji Umaru Futi. Mutumin da ya rasa birni da runduna ya fi tayar wa Turawa hankali a kan hanya fiye da lokacin da yake kan gado, domin mulkin da talakawa suka tashi suka bar wa ƙasa ba shi da wanda zai karɓi haraji a hannunsa.

Turawa suka bi sawu. A Burmi, wani gari mai ganuwa kusa da kogin Gongola a jihar Gombe ta yau, mutanen garin sun kori rundunar Kyaftin Sword ranar 13 ga Mayu. A can Attahiru ya tsaya daga bisani. Ranar 27 ga Yuli, 1903, Manjo Marsh ya iso da ƙarin soja da igwa. An gwabza tun da hantsi har faɗuwar rana, Marsh kansa kibiya mai dafi ta kashe shi. Mutum sama da 600 suka kwanta dama a ɓangaren masu hijira, cikinsu har da Sarkin Musulmi, gawarwakin jama'arsa kewaye da tasa.

Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane suka ci gaba, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Tutar da Turawa suka ɗauke a Burmi sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Abin da ya bari a bakin iyaka

Iyakar da ke tsakanin Illela da Ƙonni a wannan zamanin aka haife ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil ɗari daga birnin Sakkwato, Ƙonni na cikinta. Bayan an kawar da Attahiru, yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka turo layin kudu don Faransa ta samu hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Haka aka raba 'yan uwa, aka mayar da wasu 'yan Nijeriya wasu 'yan Nijar, ba wanda ya nemi jin ta bakinsu. Marafa Maiturare da ya yi yaƙi a Giginya ya zauna, ya ci gaba da raya arewacin Sakkwato, ya kuma zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924. 'Ya'yan mutum ɗaya, kowa da hanyar da ya ɗauka, kuma har yau masana ba su daina muhawara a kan wadda ta fi amfanar jama'a ba.

Shekara ɗari da ashirin da 'yan kai bayan Burmi, maganar bindiga ba ta bar wannan yanki ba. A zamanin Attahiru an hana makamin zamani isowa hannun hukumar ƙasa. Yanzu kuwa, musamman tun rushewar gwamnatin Libiya a 2011, yana kwararowa ta Sahara da hanyoyin daji zuwa hannun 'yan bindiga, manoman gabashi da arewacin Sakkwato suna barin gonakinsu kamar yadda kakanninsu suka bari a 1903. Waɗancan sun tashi ne suna bin shugaban da ya yarda ya mutu a tsakiyarsu. Na yau suna tashi ne su kaɗai, kuma haƙƙinsu ne su tambayi waɗanda suka zaɓa ina suke.